Ƙwan Kwaɗi

Shekarata arba'in da bakwai.
Da al'ada ta ɗauke, na ce sallama ce ta yi,
na koma kan gyaɗata.
Sai ƙamshin man da nake matsa tun ina budurwa
ya fara tayar mini da zuciya.
Bakin kasko, amai.
Warin tunkuza, amai.

Hurera ce ta fara ganewa,
ita da ke ɗauke da nata na wata biyar.
Ta dube ni, ta dubi ƙasa,
ta karɓi muciya daga hannuna.

Uwa da ɗiya a layin awo guda?
Na daina zuwa biki ko a nan Bagalam.
Amma cikin dare na buɗe akwati,
na ware zanen goyo,
na zaɓi suna ban gaya wa kowa ba.

A wata uku ciki ya yi girman na biyar.
Tara na haifa, na san shurin ɗa,
wannan ko gezau.
Sai ɗigon jini baƙi-baƙi kamar gutsuren mai.
Maƙwabciya ta ce kwantacce ne,
wata ta ce iskar gulbi ce ta taɓa ni.
Na sha rubutu, na shaƙi hayaƙi.

Ran Laraba da asuba, a makewayi, ya zubo:
ƙananan ƙwayoyi cike da ruwa, manne da juna,
irin ƙwan kwaɗin da ke bakin tabki a damina.
Na kwashe a leda,
Ilu ya tsaida adaidaita.

A asibitin uwa da ɗa
lokotoro ta shafa mini abu mai sanyi,
ta juyo da allon wajena.
Na ga yayyafi kawai,
kamar tele ta rasa tasha.
Ta ce, "Inna, babu ɗa.
Mabiyiya ce ta yi ta tsiro ita kaɗai,
kabewa mai yaɗo ba 'ya'ya.
Ba hannun kowa ba ne,
ya fi samun mata masu shekarunki."

Ta ba ni zaɓi:
a wanke cikin, ko a cire mahaifar gaba ɗaya.
Na ce ɗakin da mutum tara suka kwana
ba na rushe shi yini guda.
Ta ce to, da sharaɗi.
Aka wanke.
Leda biyu ta jini aka ƙara mini,
ɗaya daga hannun ɗana Mamman Sani.

Ilu ya tambayi liman ko akwai sallah.
Me za a naɗe a likkafani?
Ba wanda ya zo gaisuwa,
"sannu da jiki" kawai ake ce mini.

Sharaɗin kuwa: kowace Talata in miƙa hannu.
Wai abin yana barin saiwa kamar ƙaiƙayin jiji,
a cikin jini ake gane ko ya sake tsiro.
In lamba ta hau, sai allurai masu ƙarfi,
ana warkewa, in ji ta, in ba a makara ba.
Ta ba ni ƙwayar hana ɗaukar ciki,
na yi dariya har ciki ya murɗa.

Ban yi lakwal ba, amma na iya karanta katina.
Dubu ɗari biyu.
Dubu tara.
Ɗari huɗu.
Tunda nake sana'a
ban taɓa murnar faɗuwar lissafi ba sai bana.
Kowane awo yana cin kuɗin gwangwanin mai,
ina biya.

Yanzu wata-wata nake zuwa.
Hurera ta sauka, namiji.
Na ba ta zanen, ta ce ya yi mata kyau,
ba ta tambayi dalilin da aka ninke shi sabo ba.
Sunan yana wurina.

Jibi Talata.
Na sa katin ƙarƙashin kwanon awo
don kada in manta.